Rasuwar Bulbul, Filtar Tankin Kifin Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma jiki da ya gaji, iyalan gidan da ke hawa na biyu, ƙofar ƙarshe ta hannun dama, suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa hawowa dubiya rasuwar filtar tankin kifinsu, wato na'urar da ke tace ruwan, wadda yaran gidan suka laƙaba wa suna Bulbul. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, a kan wata kanta da aka kafa mata a bangon falo, bayan doguwar jinya wadda kowa a gidan ya ji da kunnensa.

Ta rasu ba ta cika shekara biyu ba. Mai shagon kifin da ya sayar da ita, wanda kuma shi aka kai wa gawar ya duba, ya ce ire-irenta sukan tsufa ba su yi ko tari ba. A cewarsa ƙishirwa ce ajalinta. Ta mutu a bushe, da tanki cike da ruwa a ƙarƙashinta.

Ta bar jajayen kifaye, ciki har da babbansu, Ciyaman, da wani baƙi mai lasar gilashi da ake kira Mai Shara. Ta bar tiyo biyu da soso. Ta kuma bar Baba, wanda dominsa aka kawo ta, da Yaya, babbar 'yarsa kuma matar gidan, wadda ta sayo ta, da Gwaggo, yayar Baba, wadda ba su taɓa shiri da ita ba, da Injiniya, ƙanen Yaya, wanda ya kafa kantar.

Marigayiya ta shigo gidan ne a bayan tankin, tankin kuma ya shigo a bayan ciwon Baba. Shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi, ta ɗauke masa hannun dama da ƙafar dama da kusan duk maganarsa. Da aka sallamo shi daga asibiti, Yaya ta kawo shi gidanta, ta kwashe yara zuwa ɗakinta ta ba shi nasu. Ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Likitar motsa jiki ta zo ta tafi, ta sake zuwa ta sake tafiya, a ƙarshe ta tsayar da Yaya a bakin matattakala ta ce ita tana iya motsa masa ƙafa, amma ba za ta iya ba shi dalilin taka ta ba. A nemo masa abin da zai fito dominsa.

An gwada rediyo. An gwada talabijin. An jera jikoki a bakin gado sun rera abin da suka koyo a makaranta. Wata rana, a hanyarta ta dawowa daga kantin maganin da take aiki, Yaya ta tsaya a gaban wani shago tana kallon kifi a cikin gilashi, sai ta lura ta daɗe a tsaye ba ta tuna da komai ba. Ta shiga ta saya. Aka ɗora tankin a kan tsohuwar durowar ƙarfe da ke falo, domin ita kaɗai ce za ta iya ɗaukar nauyinsa, aka ajiye kujera a gabansa. Ba a daɗe ba Baba ya bugi gado da sanda, ya nuna ƙofa. Tun daga nan kowace safiya ake riƙo shi zuwa kujerar, a zuba masa abincin kifi a tafin hannunsa na hagu, ya barbaɗa. Ciyaman yakan taso ya buɗe baki daidai yatsunsa. Baba yakan zauna har azahar, wani lokaci har yamma.

A kan haka gidan ya tsaya. Muddin kifin na raye, Baba zai fito. Muddin ruwan na da tsabta, kifin zai rayu. Tsabtar ruwan kuwa aikin marigayiya ne. A ɗaya ɓangaren, Yaya na fita aiki tun safe, mijinta direban babbar mota ne da ya fi kwana a hanya fiye da gida, don haka mai zama da Baba daga safe zuwa yamma Gwaggo ce. Muddin Gwaggo na zuwa, Yaya na da aiki.

Waɗanda suka san marigayiya za su shaide ta da haƙuri. Baƙa ce, gajeriya, kamar ƙaramin bokiti mai murfi. Tiyo ɗaya na kawo mata ruwan da kifi suka ɓata, ɗaya na mayar da shi fes. Ba ta taɓa neman hutu ba, ba ta taɓa cewa dattin ya yi yawa ba. Maganarta duka biyu ce: wani hmmm a ƙasa-ƙasa, da bul-bul a inda ruwan ke faɗawa cikin tanki. In an ɗauke wuta ta yi shiru, in an kawo ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba ta tambayi dalili ba. Buƙatarta a duniya guda ce, mai shagon kuma ya faɗe ta tun ranar farko, yana ɗaure kwalin.

"Hajiya, ki ajiye ta ƙasa da tankin," in ji shi. "Ruwa ne zai gangaro ya same ta, ita kuma ta tura shi sama. Turawa ta iya, ba ta iya jawowa ba. Duk inda kika ga dama, amma ƙasa."

A ƙasan aka fara ajiye ta, a lungun da ke tsakanin durowar da kujerar Baba, ta hannun hagunsa. Babu wani wuri sai nan. Ta dama ƙofar shigowa ce, soket yana hagu, tiyon kuma ba su da tsawo. Watannin da ta yi a wannan lungu su ne mafi lafiya a rayuwarta. Ruwan ya yi haske har wani baƙo ya taɓa tambaya ko kifin a iska suke yawo.

Gwaggo ce ta fara ɗaga magana.

"'Yar nan, abin da ke tace ruwa ne kika dire a ƙasa, kusa da takalman mutane? Ko a gidan da ba a san komai ba, ruwan sha ana ɗora shi a kan wani abu."

"Gwaggo, kifi ne za su sha."

"Kifin ba bayin Allah ba ne?"

Dalilan Gwaggo suna da yawa, kuma kowace safiya da sabo take zuwa. Ba ta iya goge lungun yadda take so. Tiyon sun yi kama da kayan asibiti, ga mara lafiya a gida. Masu dubiya na kallon abin suna kallon juna. Akwai dalili ɗaya da ba ta taɓa kawowa ba. Gwaggo ta girmi Baba, ita ta goya shi, ita ta raka shi makaranta ranar farko. Tunda ya fara fitowa falo, wurin zamanta a ƙasa ne, a kan 'yar tabarma, ta hannun hagunsa, domin tun bayan ciwon ta nan kaɗai yake ganin mutum sosai. Daga nan take miƙa masa shayi, daga nan take matsa masa ƙafa, daga nan take ba shi labarin waɗanda suka mutu da waɗanda ake sa rai. Lungun ba ya ɗaukar biyu. Da marigayiya a cikinsa, tabarmar sai ta matsa gaba, inda sai Baba ya juyo da kai kafin ya ga yayarsa. Bai cika juyowa ba, kifi na gabansa. Yaya ta ga wannan tun da wuri. Ita ma ba ta faɗa ba.

Ƙaura ta farko ta biyo bayan wani haɗari. Wani tsohon abokin aikin Baba ya zo dubiya, ya durƙusa ya gaishe shi, da zai tashi ƙafarsa ta harɗe tiyo. Tiyon ya fita, ruwa ya bi darduma, baƙon ya koma gida da jiƙaƙƙen wando yana ba da haƙuri. Washegari Yaya ta dawo daga aiki ta tarar da lungun an share shi tas, tabarma a shimfiɗe, marigayiya kuma tana cikin kabat ɗin kwanuka da ke dab da durowar, an rufe ta, tiyon sun fito ta tsagar ƙofa.

Zaman kabat bai karɓe ta ba. Ƙofar ta matse tiyon, ruwan ya koma zuwa da ƙyar. Babu iska a ciki, jikinta ya riƙa zafi kamar mai zazzaɓi. Hmmm ɗin nata kuma, wanda a ƙasa ba ya damun kowa, da ya shiga katako sai kofuna suka kama rawa. Wani farantin tangaran da Yaya ta zo da shi tun aurenta ya yi ta matsowa a hankali har ya kai bakin kanta, ranar da aka buɗe ƙofa ya faɗo. Ruwan tankin ya fara hazo. A makon ne aka yi rashin farko a cikin kifayen, wani ƙarami mai dogon wutsiya da ba a kai ga sa masa suna ba.

Yaya ba ta yi gardama ba. Da yamma, bayan Gwaggo ta tafi, ta fito da marigayiya ta mayar da ita lungu. Da safe, bayan Yaya ta fita, Gwaggo ta mayar da ita kabat. Haka aka jima ana yi, ba wadda ta tayar da zancen. Suna gaisawa lafiya, suna tambayar juna kwanan yara. Marigayiya ta zama mai gida biyu, ta kwana a ƙasa ta wuni a kabat, kowace ƙaura kuma sai an zubar da ruwa an goge.

A nan ne Injiniya ya shigo sulhu. Don kawar da shakka, bai taɓa shiga ajin injiniyanci ba. Kayan waya yake sayarwa, sunan kuma ya same shi tun yana yaro, ranar da ya tayar da wata fanka da ta mutu. Ya zo wata Asabar, ya saurari ɓangarorin biyu yana gyaɗa kai, sannan ya ce su duka biyun suna da gaskiya, shi ya sa suka kasa. Ya ja labulen taga ya nuna rufin gidajen unguwar.

"Yaya, duba da kyau. Wane gida ne tankin ruwansa ke ƙasa? Ruwa daga sama yake saukowa. A ɗaga ta, ta huta, ku ma ku huta."

"Mai shago ya ce ƙasa."

"Mai shago so yake ta jiƙe ta lalace ki koma ki sayi wata. Ni ɗan'uwanki ne, me zan ci a ciki?"

"Allah ya yi maka albarka," in ji Gwaggo. "Tun yana ƙarami kansa ke ja. Wasu kuwa sun yi karatun, sai dai taurin kai."

"Gwaggo, mai abin ne ya ce ba ta iya jawo ruwa ba."

"To a koya mata."

Yaya ta wuni a tsaye a kantin magani ranar, tana karanta rubutun likitoci. A makon nan kuma sau biyu Gwaggo ta ambaci cewa matattakalar gidan ta fara yi wa gwiwarta yawa, wanda a bakin Gwaggo sanarwa ce cewa tana iya daina zuwa. Yaya ta dubi ƙanenta, ta dubi gwaggonta, ta ce su gwada. An yi wannan shawara a kan Baba, a zahiri, domin kujerarsa ce a tsakiya, maganar ta riƙa wucewa ta saman hularsa. Ba a tambaye shi ba.

Injiniya ya huda bango ya kafa kanta, sama da tankin, sama da kan mutum. Ya ƙara wa tiyo tsawo, ya ja soket ya kai mata can, don aiki ya yi tsaf. Ya tsotsi tiyo da baki har ruwa ya hau, ya tofar, ya kunna. Marigayiya ta yi tari sau biyu ta kama aiki. Gwaggo ta saƙa mata ƙyalle mai fure ta sa aka rufe ta, aka ɗora furen roba a sama. Tabarma ta koma lungunta. Masu dubiya suka riƙa yaba tsarin. A faɗi gaskiya, gidan bai taɓa samun zaman lafiya kamar na watannin da marigayiya ke mutuwa ba.

Ciwon ya fara ne da ɗauke wuta. Duk lokacin da aka ɗauke, ruwan da ke cikinta sai ya sulale ya koma tanki, kamar yadda ruwa ya saba. In an kawo wuta, ta tashi ta tarar babu komai a cikinta sai iska. Muryarta ta sauya. Bul-bul ya tafi, aka koma jin ƙarr, ƙarr, sai ta yi shiru kamar ta haƙura, sai kuma ƙarr. Yaya ta koyi hawa kujera da jug, ta ɗaga ƙyalle, ta buɗe murfi, ta cika ta da ruwa, ta girgiza ta har numfashinta ya daidaita. Tana yi kafin ta fita, tana yi in ta dawo, wani lokaci da jakarta a kafaɗa. Tsakanin fita da dawowa kuwa babu mai yi. Ta nuna wa Gwaggo yadda ake yi.

"Ni in hau kujera? So kike ki tara masu jinya biyu?"

Wannan gaskiya ce, Yaya ba ta sake kawo zancen ba. Ta kira Injiniya a waya, ya ce baƙon wuri ne, za ta saba.

Wanda ya fi kowa jin jinyar shi ne Baba, domin shi ke wuni a ƙarƙashinta. Tun bayan ciwonsa ruwa yakan shaƙe shi, sai an ba shi da cokali a hankali, saboda haka ba ya buƙatar a fassara masa wannan ƙara. Yakan bugi ƙasa da sanda. Gwaggo ta kawo shayi. Ya sake bugawa, ta gyara masa matashi. Ya ɗaga sandar ya nuna kantar.

"Ai na gani, ɗan'uwa," takan ce. "Ta yi kyau. Ni na saƙa."

Yaya takan dawo ta same shi kafaɗunsa a ɗaure, idonsa ba a kan kifi ba, a kan bango. Kowane mako takan ƙudurta cewa ranar hutunta za ta sauko da ita. Ranar hutun ta zo da wanki da kasuwa da asibitin Baba. In ta sami sarari ta shigo falo da niyya, sai ta tarar da Gwaggo a lungu ta jingina da kujera tana gyangyaɗi, hannun Baba mai lafiya a kan ɗankwalinta. Sai ta ɗauki jug ta hau kujera.

Ranar Talatar an ɗauke wuta tun hantsi. Bayan la'asar hadari ya haɗu, Gwaggo ta hau saman bene kwashe shanya, a hankali, mataki-mataki. Tana can aka kawo wuta. Babu wanda ya shaidi abin da ya biyo baya sai Baba. Maƙwabciyar da ke hawan ƙasa ta ce ta ji ana bugun silin ɗinta na tsawon lokaci, ta ɗauka yara ne.

Da Gwaggo ta sauko da kaya a hannu, ƙaurin roba ne ya tare ta a ƙofa. Kujerar Baba babu kowa. Yana jikin bango, a tsaye, babu mai riƙe da shi, sandar a ƙasa. Ya jingina kafaɗarsa ta dama, ya miƙa hannun hagu sama wajen kantar. Bai kai ba, da saura kamar tsawon tafin hannu. Marigayiya na wata ƙara siririya, ƙiii, wadda ba a taɓa jin ta yi ba. Kafin Gwaggo ta zubar da kayan ta kai gare shi, ƙarar ta yanke. Rai ya yi halinsa.

Baba bai faɗi ba. Gwaggo ta ƙwala wa maƙwabciyar kira, ta hawo suka zaunar da shi. Ya huta, ya dubi tankin, inda ruwan ya tsaya cik, sannan ya nuna ɗakinsa. Laraba bai fito ba. Alhamis bai fito ba. Ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Yaya ta kai masa abincin kifi ta nemi zuba masa a hannu, ya dunƙule hannun.

Injiniya ya zo gaisuwa da yammar Talatar, aka ba shi labari, ya yi nazarinsa.

"Amma Yaya, ki duba wani abu. Likitar nan wata nawa tana fama ya miƙe? Kantata ce fa ta miƙar da shi."

Yaya ta dube shi, ta ci gaba da dubansa, har ya ce bari ya sha ruwa ya shiga kicin.

Washegari ta kai gawar shago a cikin jakar cefane. Mai shagon ya kwance murfin, ya ciro 'yar farfelar da ke tura ruwa, ta narke ta manne da gidanta. Ya juya ta a hannu.

"Hajiya, a ina kuka ajiye ta?"

"A gida."

Bai sake tambaya ba. Ya ɗauko wata irinta daga kanta ya sa a kwali. Wannan karon bai yi bayani ba, sai ya ce a gaggauta, babban kifi ba ya jure tsayayyen ruwa.

Yaya ta roƙi hutun 'yan kwanaki a wurin aiki, aka ba ta da sharaɗi. Ta shiga canza ruwa da bokiti, ta kwashe rabi ta zuba sabo, safe da yamma. Duk da haka ruwan ya yi fari-fari, ya soma wari. Ƙananan kifaye biyu suka bi marigayiya. Ciyaman ya daina yawo, ya tsaya a saman ruwa yana buɗe baki yana rufewa. Sabon kwalin na ajiye a tsakiyar falo, ana zagaye shi.

Ranar Alhamis da yamma aka zauna a kansa. Injiniya ya ce kantar ba ta da laifi, wuta ce mai laifi, a nemo batir a haɗa. Yaya ta ce ƙasa. Gwaggo ta jima tana gyara bakin mayafinta.

"'Yar nan, gidanki ne. Amma in abin nan ya koma ƙasa, to maganata ce aka mayar ƙasa. Ni ma ina da ɗaki, ba kora ta aka yi ba."

"Gwaggo, kifin zai mutu."

"Ni na ce a kashe shi?"

Aka tashi ba a yanke komai ba.

Ranar Juma'a da sassafe, kafin Gwaggo ta iso, Yaya ta naɗe tabarmar. Ta buɗe kwali, ta dire sabuwar filtar a lungu, ta haɗa tiyo, ta mayar da soket inda yake tun farko. Ruwa ya gangaro da kansa ya cika ta, ba a tsotsa ba, ba a girgiza ba. Ta kunna. Daga nan ta shimfiɗa tabarmar a gaba, kusa iyakar kusa, ta zauna a kujerar Baba ta rufe idon dama don ta ga abin da zai gani. Tabarmar ba ta shigo ba. Ta juya kujerar kaɗan, tabarmar ta shigo, tankin ya fita. Ta gwada ta wannan gefe, ta gwada ta wancan. Ta mayar da kujerar yadda take.

Ba ta gama goge ruwan da ya zuba ba ta ji sanda a jikin gado.

Gwaggo ta iso ta same shi a kujerarsa, da abincin kifi a tafin hannu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi lungun, ta dubi tabarmar.

"Ɗan'uwa, ka fito."

Ba ta cire mayafi ba. Ta wuce tabarmar ta zauna a kan doguwar kujera ta baƙi, abin da ba a taɓa ganin ta yi ba a gidan. Yaya ta kawo mata shayi, ta ce ta sha a gida. Ta jima tana kallon tankin.

"Ruwan ya fara haske," in ji ta.

Kafin azahar ta miƙe. Ta shiga banɗaki ta ɗauki silifas ɗinta na zaman gida ta sa a jaka, ta yi sallama da kowa, har da yaran, ta sauka.

Za a yi jana'izar marigayiya gobe Asabar da safe, a ƙofar gida, lokacin da mai sayen tsofaffin ƙarafa ya saba wucewa da kurarsa. Shi za a danƙa wa gawar. Injiniya ya nemi a ba shi injin cikinta don ya yi nazari, iyalai sun ƙi. Ba za a yi rakiya ba, saboda babu wanda za a bar wa Baba.

Za a karɓi gaisuwa ranar Lahadi bayan la'asar, a falo. Ana roƙon masu zuwa da kada su ba kifi abinci, Ciyaman bai gama murmurewa ba, ɗan abin da ya fara karɓa kuma daga hannu ɗaya yake karɓa. Ana kuma roƙon duk mai shawara game da inda ya kamata a ajiye filta da ya bar ta a bakin matattakala, ya ɗauki abarsa in zai tafi. Iyalai na godiya ga maƙwabciyar hawan ƙasa, da mai shagon kifi, da duk wanda ya yi shiru. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

An tsara cewa Gwaggo ce za ta zauna karɓar gaisuwar mata, a matsayinta na babba. Yaya ta kira ta sau biyu. Duka biyun ta ɗauka, ta tambaya ko Baba ya ci abinci, ko an matsa masa ƙafa, wa ya matsa, sannan ta ce ana kiranta ta kashe. Hutun Yaya zai ƙare ranar Lahadi, Litinin da safe ana jiranta a kantin magani. Har zuwa lokacin fitar da wannan sanarwa, Gwaggo ba ta ce za ta zo ba, ba ta kuma ce ba za ta zo ba.